Faransancin Baba

Illela, watan Sha'aban

Zuwa ga ƙanwata Mahbuba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yata Surayya. Ya aikin asibiti, ya Kaduna? Na san za ki yi dariya ganin na sake rubuta takarda da hannu na ɗauki hotonta na turo. Ki yi haƙuri da yayanki. Malamin da ke hana ɗalibai yanke kalmomi ba zai aiko miki da gaisuwar harafi uku ba.

Maganar Baba ce. Tun da gwiwoyinsa suka hana shi zuwa kasuwar Lahadi ya yi shiru. Ba ciwon da za ki rubuta wa magani ba ne. Yana zaune a zaure, abinci kaɗan, magana kaɗan. Jikoki su shigo su gaishe shi, kowa ya koma ya duƙa kan waya. Babanmu Alhaji Dabo fa, wanda a da in ya buɗe baki har maƙwabta ke leƙowa ta katanga!

Shekaranjiya ina gyaran aikin 'yan ajina sai na ji bakina yana rera wani kiɗa. Na daɗe kafin na gane shi: kiɗan da ke buɗe wasan Gidan Maccido ne. Kin tuna? Talabijin ɗinmu baƙi da fari, batirin mota a gefensa, eriya a kan dogon gora. A juya ta kudu a kama Sakkwato, a juya ta arewa a kama Nijar. Ranar Alhamis bayan magariba Inna ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mutanen unguwa su cika mu. Turawan nan su fito suna Faransanci a gidansu mai matakala, mu kuma mu haɗa baki: "Baba, mi yac ce?" Shi ya raɗa musu suna, mai hular Maccido, matarsa Baraka, ɗansu Lawwali. Har yau ina mamakin yadda mutum ɗaya ke yin murya uku bai sarƙe ba.

Ga abin da nake so. Surayya ta karanta Faransanci a jami'a, ta kuma san kan intanet. Na turo mata kiɗan da muryata. Ta nemo mana wasan, in har yana nan. Da Sallah mu tara yara a tsakar gida, mu zaunar da Baba a kujerarsa ya fassara musu. Ina ji a jikina bakinsa zai buɗe.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Yayanki,
Jibril

*

Kaduna, farkon azumi

Yaya,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa. Tunda ka nace da takarda, ga takarda, amma da biron asibiti, kada ka sa mini jan biro.

Surayya ta samo shi. Kiɗan da ka rera, duk da ba ka iya waƙa ba, ya kai ta. Da ya tashi a waya sai da na zauna a ƙasa, wallahi na ji ƙamshin tabarma da na gyaɗar da Inna ke soyawa. Ashe da kala aka yi shi! Rigar Baraka shuɗiya ce.

To amma Yaya, zauna kafin ka ci gaba. Ina kallo ina ba Surayya labari yadda Baba ya ba mu, sai na ga tana dubana kamar na zauce. Ta ce, "Umma, ba abin da suke cewa ke nan ba." Na ce wace kalma ce aka kuskure? Ta ce ba kalma ba, duka. Maccido ba ɗan kasuwa ba ne, likitan haƙori ne. Baraka ba matarsa ba ce, ƙanwarsa ce da ke riƙe masa gida. Ranar da Baba ya ce Baraka tana yi wa ɗiyar maƙwabta faɗa kan ta daina ɓoye wa uwarta in ta fasa kwano, a makon da ni na fasa tangaran ɗin Inna na ɓoye a bayan randa, maganar labule suke yi.

Na sa ta nemo wurin nan naka, inda Lawwali ke zaune a matakala uban ya dafa kafaɗarsa. Ka yafe mini. Karensu ne ya cinye takalmin baƙo, suna shawarar wanda zai faɗa masa.

Na yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tsaya. Faransancin Baba ashe na ƙirgen sefa ne da gaida jandarma a bakin iyaka. Ka yi tunani: yara a zaune, Surayya a cikinsu, waya kuma yanzu tana rubuta fassara da kanta a ƙasan hoto. Ikrama ɗanka ba ya barin magana a baki. Tsoho mai shekarun Baba a kama shi a gaban jikokinsa? Gara shirun da yake yi. Ni dai na ce a bar maganar nan.

Ba zan samu zuwa Sallah ba, ina aiki, amma Surayya za ta zo. A gaida Inna da Baba.

Ƙanwarka,
Mahbuba

*

Illela, tsakiyar azumi

Ƙanwata Mahbuba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna shan ruwa lafiya. Takardarki ta same ni, kuma na yi kwanaki ban iya ɗaukar biro ba.

Kin san abin da wurin nan yake a wajena. Shekarar da na faɗi jarrabawa na ce na bar boko, zan bi motocin shanu zuwa Ikko, Baba bai ce mini komai ba. Alhamis ta zo, Maccido ya dafa Lawwali, muka ce mi yac ce, Baba ya amsa idonsa a kan talabijin: "Ya ce, ɗana, ban kai ka makaranta don ka hi kowa ba. Na kai ka don ka komo ka koya muna." Washegari na ɗauki jakata. Duk shekara nakan faɗa wa sababbin ɗalibai wannan magana, in ce wani Bature ne ya faɗa wa ɗansa. Ashe takalmi ne da kare!

Na rasa wanda zan kai wa sai Inna. Na same ta tana jiƙa gero, na zauna na kwashe duka na faɗa mata, ina lallaɓawa kada ta ji ciwo. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "To, yau kuka sani?"

Mahbuba, mun manta Inna 'yar Konni ce ta ƙasar Nijar. Ta yi lakwal, makarantar bokonsu ta can, har aji biyar kafin a kawo ta Illela. Tana jin kowace kalma. Shekara da shekaru tana zaune a bayanmu da kaskon gyaɗa, tana jin wasa biyu a lokaci guda, na Turawa da na mijinta, tana dariya a inda ya ce a yi dariya.

Na ce, "Inna, don me ba ki taɓa gyara masa ba?"

Ta ce, "In gyara mi? Babanku bai iya yi ma yaro hwaɗa ido da ido ba, kunya shikai. Sai in gaya mishi da rana wane ya yi kaza, wance na kuka kan kaza. Ran Alhamis Maccido ya hwaɗa muku."

Kin ji. Ita ke kai rahoto, shi ke sa wa a bakin Bature. Yana kallon hannun mutum da girarsa, ya ɗinka magana daidai tsawon motsin bakinsa, nan take, a gaban unguwa guda, bai taɓa shiri ba. Ni da na yi karatun koyarwa nakan kwana ina tsara darasi ɗaya, kuma rabin aji su yi hamma. Tun ranar, in na wuce shi a zaure sai in ji kamar in cire takalmi.

Don haka ban yarda a bar maganar ba. Abin da kike tsoro gaskiya ne, ni ma ina jin tsoronsa. Amma mutumin da ke da wannan a cikinsa bai kamata ya ƙare a zaure yana kallon bango ba. Na ari majigi a makarantarmu. Ki roƙar mini Surayya ta kashe fassarar wayar, sauran kuma mu bar wa Allah.

Yayanki mai ƙaunarki,
Jibril

*

Illela, bayan Sallah

Mahbuba,

Assalamu alaikum, barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ga labari.

Mun haska wasan a bangon ɗakin Inna bayan magariba. Da kiɗan ya tashi Baba ya ɗago kai, ya daɗe yana kallon Maccido a cikin kala, ya ce, "Kai, tsohon ga bai tsuhwa ba." Turawa suna ta magana, shi kuwa bai fara fassara ba. Can Inna daga baya ta ce, "Alhaji, mi yac ce?"

Ya gyara zama. Ya ce Maccido yana tambayar Lawwali ko wuyansa ya karye ne da kullum kansa ke duƙe kan abin hannunsa. Yara suka fashe da dariya, wayoyi suka koma aljihu. Murya uku ɗin nan duk suna nan, har ta Baraka mai ƙaiƙayi. Maƙwabcinmu Abdulmalik ya shigo da tabarmarsa ba sallama.

Sai abin da kika faɗa ya faru. Ikrama ya miƙe ya ce, "Anti Surayya, ke da kika iya Faransanci, haka ya ce?"

Baba ya juya ya dube ta, ya ce, "To amarya, hwaɗa musu."

'Yarki ta ce, "Ni na littafi na karanta, angona. Wannan sai wanda ya zauna da su." Ta matsa kusa da kujerarsa ta ce, "Ci gaba, kana sa mu rasa wuri mai daɗi."

Ya ci tuwo malmala biyu a ranar. Yara sun riga sun sa Alhamis mai zuwa. Surayya za ta biyo motar jibi.

Yayanki,
Jibril

*

Illela

Umma,

Ina wuni. Kawu ya ce ba zan bar gidan nan ba sai na rubuta takarda, to ga ta. Ba zan taho jibi ba.

Yau da hantsi Kaka ya kira ni zaure, ya sa na saki labule. Ya ce wutar batir ta ƙare musu a ranar da aka nuna kashi na ƙarshe, kuma dama can shi bai taɓa jin abin da mutanen nan ke cewa ba. Ya faɗe shi kamar yana faɗin za a yi ruwa. Ya ce in ba shi labarinsu na gaskiya, tun daga farko.

Na ba shi duka, likitan haƙori, labule, kare da takalmi, har ƙarshe inda suka sayar da gidan suka tashi. Bai katse ni ba. Da na gama ya girgiza kai ya ce, "Wayyo bayin Allah. Ga gida, ga matakala, ga tuhwahi masu kyau, amma ba su iya labari ba."

Yanzu ya ce in zauna in riƙa gaya masa laifin kowane jika kafin Alhamis, wai Inna ta fara mantuwa. Ki aiko mini da kaya.

'Yarki,
Surayya