Littafina Mai Jan Bango

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya karatu? Inna da Baba suna lafiya.

Yaya, raina a ɓace yake. Ke kika turo 'yan ƙungiyarku ta ɗalibai mata karɓar littattafan da za ku raba a Basirka, ko? Ina makaranta Inna ta kwashe musu duka, har da littafina mai jan bango. Labarin soyayya nake rubutawa a ciki, kuma ban sauya sunan kowa ba! Kullum cewa kike don rufa wa mata asiri aka kafa ƙungiyar. To, nawa asirin fa?

Don Allah ki karɓo shi kafin ranar rabon, kuma kada ki buɗe. Ki sa ni a addu'a. Ki gaida ƙawayenki, ban da waɗanda suka zo.

Ƙanwarki,
Hauwa'u