Inda Man Sabuwar Mota Ke Tafiya

Ban Nong Kha, Roi Et
9 ga Maris

Baban Fon,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya ruwan Taiwan da ka ce ba ya ɗaukewa? Ka rubuto cewa yatsanka ya warke, amma na san halinka, ko hannun ne ya cire cewa za ka yi da sauƙi. Mu nan lafiya lau. Fon ta zubar da haƙori biyu. Baba da Inna suna gaishe da surukinsu, sai dai zafin bana ya hana Inna cin abinci sosai.

A-kori-kurar da ka yi shekara uku a gaban inji dominta ta cika wata ɗaya a gidan nan jiya. Malamin haikali ya shafa mata farar hoda a rufi ya sa mata albarka. Ƙaninka Thawi ne ke ja, yadda ka ce. Da sassafe yakan lodo kankana da barkono ya kai kasuwar gari, kafin sha ɗaya ya dawo, daga nan ya kai su Baba gona. Ni ina rumfar taliyata a bakin makaranta har ƙarfe huɗu.

To amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Motar nan shan mai take kamar ana zuba shi a rami. In an cika tanki ran Litinin, kafin Alhamis allura ta kwanta. Tsohuwar motar maƙwabcinmu, wadda sai an tura take tashi, hanya ɗaya suke bi, amma ita sai ta yi kwana takwas.

Na sa Thawi ya kai ni inda muka saye ta. Wani mai ɗamarar wuya ya fito yana murmushi, ko murfin inji bai ɗaga ba ya ce, "Ai sabon inji ne, 'yar'uwa, sai ya saki jiki. Ko dai direbanku yana da nauyin ƙafa?" Na ce masa, "Ranar da kake sayar mana ba ka ce sai ta koyi tafiya ba." Ya yi dariya ya ba Fon alewa. Ban yarda da mutumin nan ba. Na ji ana cewa akwai motocin da ambaliya ta shanye bara, aka yi musu fenti aka sayar a sababbi. Na sunsuna ƙarƙashin kujeru ban ji warin laka ba, amma hankalina bai kwanta ba.

Ka ci abinci da kyau, ka rage taba.

Matarka,
Lamduan

16 ga Afrilu

Baban Fon,

Ina gaisuwa. Da fatan kana lafiya, kai da abokan ɗakinka. Takardarka ta iso, na karanta inda ka ce kada in sa abin a raina. Ka yi haƙuri, na riga na sa.

Na kai motar wurin Kawu Bunmi bakanike. Ya yini a ƙarƙashinta, ya fito yana goge hannu ya ce, "Yarinya, injin nan ya fi ni lafiya. Ba ya yoyo, ba ya hayaƙi. In mai na ɓacewa, ƙafa yake da ita." Na shimfiɗa jarida a ƙarƙashinta kwana uku, ko ɗigo babu. Na ce ko gidan mai ne ke mana ƙwange, muka koma na hanyar Selaphum. Duk ɗaya.

Daga nan na fara rubuta lambar mitar tafiya a tafin hannuna kowace safiya, in duba da yamma. Daidai take da zuwa kasuwa da dawowa da leƙa gona, ba ta ƙaru ko kaɗan ba. Ke nan ba yawo ake yi da ita ba. Motar ba ta tafiya, mai yana tafiya. Kai ka gaya mini me ya rage.

Na san ɗan'uwanka ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa na jima ban rubuta ba. Surukin Thawi ya sayi injin ban ruwa, kuma dizal yake sha, kamar motarmu. Kowa gonarsa ta ƙone bana, tasu ce kaɗai kore shar. Nuan matar Thawi kuma ta fito da sabbin 'yan kunne. Rannan na miƙa wa Thawi kwanon taliya da gangan don in sunsuna hannunsa. Warin mai ne. Za ka ce ai direba ne, na sani. Amma da na ce masa, "Thawi, ina man nan yake zuwa?" ƙasa ya kalla ya ce, "Ni ma ban sani ba, Yaya." Mutumin da bai sani ba ido yake kallonka.

Na kai wa Baba maganar. Ya ce, "Ki bar yaron nan, Lamduan. Mota ai mai take sha." Ka san Baba, ko ɓarawo ya kama a rumbu sai ya tambaye shi ko ya ci abinci.

Abin da zan gaya maka yanzu gara ka ji daga bakina. Ran Songkran, bikin sabuwar shekararmu, bayan an gama zuba wa manya ruwa a hannu, ana zaune ana cin shinkafa da gasasshiyar kaza, surukin Thawi ya shiga yabon gonarsa. Ban san lokacin da na ce, "Dole ta yi kyau, Kawu, ai gumin mijina take sha" ba. Nuan ta ce, "Me kike nufi?" Na ce, "Tambayi mijinki." Thawi ya miƙe. Ya ciro makulli ya ajiye a kan tabarma gabana, ya sunkuya wa manya, ya fita. Inna ta kira sunana sau ɗaya, ban juya ba.

Makullin yana cikin aljihun zanena. Motar tana ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙan da ke ɗauke da shi, na rufe ta da tamfol. In ka yi fushi ka yi, amma ba zan zauna ana tatsarka ina kallo ba.

Matarka,
Lamduan

27 ga Afrilu

Baban Fon,

Ina gaishe ka. Da fatan kana lafiya. Daga bencin asibitin gari nake rubuto maka, ka yi haƙuri da rubutun. Kada ka firgita, Inna ce, kuma tana da sauƙi yanzu.

Kwana uku bayan na karɓe makulli, da tsakar rana, ina tsame taliya, sai ga Baba a keke. Ban taɓa ganinsa yana gudu a keke ba. Ko sauka bai yi ba ya ce, "Kawo makullin. Uwarki ba ta iya numfashi." Na ce, "To wa zai ja?" Ya ce, "Na biya ta gidan su Thawi. Yana hanya."

Na tarar da Inna a zaune ta dafe gini, bakinta a buɗe, leɓɓanta sun yi duhu. Thawi ya iso a guje ba ko takalmi. Ya karɓi makulli bai dube ni ba, ya tayar da mota, ya kunna esi, na'urar sanyaya mota, har ƙarshe. Sai na ga ya tura kujerar gefe baya, ya sa hannu a bayanta ya jawo matasan kai guda biyu. Matasan Inna ne, waɗanda na yi wata guda ina nema a gida. Baba ya jera su, ɗaya a ƙugu, ɗaya a wuya. Suka ɗauke ta, wannan ya kama nan, wancan ya kama can, ba wanda ya gaya wa wani abin da zai yi. Nan na gane ba yau suka fara ba.

A hanya ina baya tare da Baba, muna riƙe da ƙarfe, ya gaya mini komai. Tun farkon zafi numfashinta yake sarƙewa da rana, ƙafafunta suka kumbura, tana ɓoye su a zane. Ranar da Thawi ya fara kai su gona, sanyin motar ya sa ta yi barci kafin su isa, barcin da ta yi makonni ba ta samu ba. Tun daga ranar, kullum sai ya faka a ƙarƙashin tsamiyar gona, ya bar inji da esi a kunne daga sha ɗaya har kusan huɗu, ita tana ciki, su suna bukka suna gadi. Na ce, "Baba, me ya sa ba ku gaya mini ba?" Ya ce, "Ita ta hana. Ta ce in kin ji asibiti za ki kai ta, yayarta kuma daga asibiti ba ta dawo ba. Ta ce mijinki zai bar aiki ya taho." Sannan ya ce, "Ranar biki ya kamata in buɗe baki. Tsoronta na ji."

Likita ya ce zuciyarta ce ta yi rauni, ruwa ya taru a huhu. Sun zuƙe, sun ɗora ta a kan magani. Ya ce da an ƙara kwana biyu da wani labarin ake yi. Na ce masa na hana ta sanyi kwana uku. Ya ce da ban hana ba, da har yanzu tana ƙarƙashin tsamiya ciwon yana cin ta. Ban san ko don ya lallashe ni ya faɗa ba.

Jiya na sami Thawi a wajen ajiye motoci yana goge gilashi. Na haɗa hannu na sunkuya masa, ni da na girme shi shekara shida. Na ce, "Na zalunce ka. Ka yafe mini." Ya ci gaba da gogewa. Can ya ce, "Yaya, sau ɗaya kika tambaye ni mu biyu, kina sunsuna hannuna. Da kin sake tambaya ba da wannan fuskar ba, da na karya alkawarin da na yi wa Inna na gaya miki. Amma a gaban surukina?" Na ce zan je gidan in faɗi gaskiya a gaban kowa. Ya ce, "Ki je, don Nuan. Ko kasuwa ta daina fita." Ya ce zai ci gaba da kai Inna asibiti har ƙarshen wata mai zuwa, daga nan zai tafi Bangkok jan tasi. Ya riga ya yi magana da wani abokinsa.

Na je gidan yau da safe kafin in taho. Na faɗa, a tsaye, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Tsohon ya ce ya ji. Nuan ba ta fito daga ɗaki ba.

Ba na roƙonka ka dawo, Inna ta ce in ka taho saboda ita ba za ta sha magani ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka rubuta wa ƙaninka. Kada ka ce masa ya yafe mini, kada ka kāre ni ko da kalma ɗaya. Ka ce masa kai ba ka taɓa zarginsa ba, don gaskiya ce, kuma daga bakinka kaɗai za ta yi masa amfani. Ka aiko ta adireshin surukinsa, ba ta hannuna ba.

An kira mai jinyar gado na tara. Ni ce.

Matarka,
Lamduan