Ku Mayar Mana da Tsohon Laburaren Taswirar Gonaki

Zuwa ga Shugaban cibiyar da ta koya mana zanen taswira da kwamfuta.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka.

Ni ɗaya ne daga cikin waɗanda kuka horar a garin Isa lokacin da ƙasar nan ke kwance lafiya. Bayan horon, na bi gonakin Gatawa da 'yar na'urar auna wuri da kuka ba mu. Dattawa na gaba, ina biye. Marigayi Baba Ɗan-Tani yakan tsaya gindin aduwa, ya buga sanda ya ce, "Nan ne, ɗana, danna abinka." Mu sha fura a inuwa, mu wuce gona ta gaba. Ban san ina aikin da za a nema ido rufe ba.

Yanzu waɗanda suka yi gudun hijira sun fara komawa. An sare aduwoyin, wuta ta cinye gambar da ke raba gonaki, dattawan kuma sun kwanta dama. Kawuna da maƙwabcinsa, waɗanda suka tashi suna cin tuwo a akushi ɗaya, sun daina gaisawa saboda kunya biyu ta gero.

Ga ƙorafina.

Na farko: tsohuwar kwamfutata ta salwanta ranar da muka gudu. Rubutun manhajarmu ta zana taswira da kuma awon gonakin suna nan a filashi. Amma awon ba ya karantuwa sai da laburarenku, wato kundin umarnin da manhajarmu ke aron aiki daga cikinsa, shi kuma ya tafi tare da kwamfutar.

Na biyu: na sauke sabon laburaren daga shafinku. Rubutun manhajar ya wuce ba kuskure, sai a matakin ƙarshe, inda ake ɗaura ta da laburare, allo ya ce "undefined reference", ma'ana ta kira sunan wani aiki, ba a same shi ba. Da fari kaina na zarga, don iyakacina sakandare. Na duba ko na nuna inda laburaren yake, na nuna. Na mayar da sunansa ƙarshen umarni kamar yadda kuka koya mana. Na goge, na sake saukewa. Sai da na fito da sunayen ayyukan da ke cikinsa na ga cewa aikin da ke karanta tsohon awo ba ya nan. An cire shi.

Na uku: kun cire tsohon laburaren daga shafin ba sanarwa. Na aika saƙo, shiru. Wataƙila akwai dalilin da ban gane ba. In haka ne, ku fahimtar da ni.

Roƙona ku mayar da tsohon, ko ku faɗa mani abin da ya maye gurbin aikin da aka cire, za ni gyara da kaina. Hadari ya fara haɗuwa daga gabas. In ruwan shuka ya sauka kafin taswirar ta fito, kowa zai shuka inda yake zato, kuma gyaran hakan ya fi ƙarfin kwamfuta. Baba Ɗan-Tani ya riga ya ba da shaidarsa, tana cikin filashin nan a aljihuna. Ku ba ni abin da za ni buɗe ta da shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora.

Wassalam.

Ɗalibinku,
Bello, Sabon Birni