Hancin Aurélien

Zuwa ga Yaya Odile,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da maigida da yara. Ya ciwon gwiwar nan, ya sake ki? Daga asibiti nake rubuto miki.

Kin san mijina Aurélien da hancinsa yake ci. Shi ke zaɓa wa gidajen abinci giyar da za ta bi kowane girki, ga shi bakinsa ba linzami. Shekaranjiya aka yi walimar manoman inabi na ƙauyenmu. Kamar kullum, an saka wa kowace kwalba safa don kada a san ta wane ce. Farar giya ta wuce lafiya tare da dodon koɗi. Da aka kawo dafaffen zakara aka zuba jar giya, sai Aurélien ya sunsuna wata, ya kurɓa, ya tofar a bokiti, ya ce, "Kai! Wa ya kashe zakaran nan sau biyu? Mai wannan ya koma noman dankali, jama'a su huta."

Aka kwashe da dariya, har da ni. Aka zare safar. Ashe giyar mahaifinsa ce, Baba Gaspard, ta ƙarshe da ya matsa kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Tsohon yana zaune a keken guragu a ƙarshen tebur, a kunnensa aka yi komai.

Thibaut ƙanin Aurélien, wanda ya yi aikin tare da Baba, ya miƙe ya ce, "Yaya, tun kana yaro kake shan ta, yau ba ka gane ta ba? To matso ka sunsuna da kyau." Ya maka masa kwalbar a fuska. Na ji ƙarar ƙashi. Aurélien ya kifa kan faranti, Thibaut ya bi shi da shuri, sai da ƙarti suka danne shi. Ni kuwa na yakushe wa Thibaut kunci, kuma ban yi nadama ba.

Likita ya ce ƙashin zai haɗu. Maganar jin ƙamshi kuwa, sai mun gani. In ya tafi, sana'ar ta tafi.

Taki ƙanwarki,
Clémence

Yaya Odile,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Kin tambayi jiki, to jiki da sauƙi, zuciya ce babu.

Ranar da aka sallami Aurélien ko gida bai biyo ba. Ya ɗauki gatari ya sauka ɗakin ƙasa na gidan Baba, ya fasa gangunan giyar ɗaya bayan ɗaya. Thibaut ya dira masa, suka yi ta birgima cikin giya har idon sawu, ya karya wa Thibaut hannu da ƙotar gatarin. Baba yana sama yana buga sandarsa a daɓe, ba wanda ya kula shi.

Ya shigo mini jiƙe sharkaf, warin giya ya cika falo har na buɗe tagogi. Ya daka mini tsawa, "Zafi kike ji a tsakiyar Janairu?" Na rufe su. Ashe ko kaɗan bai ji warin ba. Tsoro ya kama ni, Yaya.

Taki,
Clémence

Yayata Odile,

Da fatan kun wuni lafiya. Na gode da cukun, ya iso.

Aurélien ya ce hancinsa ya dawo, Litinin zai koma aiki. Jiya na gasa kifi da man shanu, ya buɗe wata farar giya da yake ji da ita. Tun yana cire murfin na ji ta lalace, wari irin na jiƙaƙƙen buhu. Ko mai mura zai mayar da ita.

Ya juya kofin, ya zura hanci, ya lumshe ido. "Kin ji, Clémence? Furen lemo da zuma. Ita ce matar kifin nan." Ya buɗe ido yana kallona, hannunsa a dunƙule kan tebur.

Na ce, "Na ji." Na shanye kofina tas, ya ƙara mini, na shanye.

Ki sa mu a addu'a ranar Litinin.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Clémence