Hannun da Ya Ƙi Buga Tabarma

Duisburg, Lahadi, 26 ga Janairu, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a kan bencin da ke ƙofar ɗakin asibitin da aka kwantar da ke.

Frauke, hasken idona, sanyin zuciyata, ranata mai leƙowa a tsakiyar hunturu lokacin da kowa ya fid da rai da ita!

Kin ce in fita, na fita, amma ƙafafuna sun ƙi wuce wannan benci.

Kin tuna daren farko da kika ja ni kulob ɗinku na kokawar judo a Essen? Kika ara mini rigar wasan, kika yi ta tsokanata wai na ɗaura ɗamara kamar mai ɗaure buhun dankali. Kafin ki koya mini faɗuwa, sai da kika kama tafina kika buga shi sau biyu a tabarma. Kika ce wannan shi ne darasin farko: in an riƙe ka ba mafita, ka buga, a sake ka, babu kunya a ciki. Na yarda da ke kamar yadda tsiro ke yarda da ruwan bazara.

To yau fa? A wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙasa, abokiyar karawarki 'yar Hamburg ta maƙale hannunki na dama tsakanin cinyoyinta tana lanƙwasa shi baya. Ɗayan hannunki a sake yake, ina kallonsa. Bai motsa ba! Ni da na gama karatun gina gadoji a kakar da ta wuce, na san nauyin da ƙarfe ke ɗauka kafin ya karye, ban san na gwiwar hannun mace ba sai da na ji ƙarar taki daga layi na uku na 'yan kallo.

Ban san lokacin da na tsallake shinge ba. Na durƙusa kusa da ke, alƙalin wasa yana jan kafaɗata, fuskarki fari fat kamar dusar ƙanƙara, kika dube ni kika ce, "Henning, takalmanka." Hannunki a karye, abin da ya dame ki na taka tabarma da takalmi!

Abin da ya fi girgiza ni a asibitin nan na ji shi. Likita ta ce jijiyar ta daɗe da tsagewa, yau ƙarasawa kawai ta yi. Kocinki Olschewski ya sunkuyar da kai, mamarki ta juya tana kallon taga. Ashe tun kaka suka sani. Ni kaɗai ne ban sani ba, ni da nake yin matashin kai da wannan hannu. Kika ce ɓoye mini kika yi don ni matsoraci ne, zan hana ki barci da lissafi, kuma a wannan gasar ake zaɓen masu zuwa ta Turai. Gaskiya ne, matsoraci ne ni. Amma wa ya taɓa ɓoye wa gaɓa cewa kogi ya cika?

Ba na roƙonki ki bar judo, kurciyata. Ciwon nake roƙo ki raba da ni, duk da tsoron nan nawa.

Ban sani ba ko hannun zai sake miƙewa sosai, likitar ma ta ƙi yin alkawari. Ban sani ba ko masu zaɓen za su ajiye miki gurbinki a gasar Turai. Ban san abin da kika gani ba a daƙiƙun nan da ya fi miki hannunki daraja, kuma ban sani ba ko za ki karanta wannan wasiƙa ko za ki mayar wa ma'aikaciyar jinya da ita a naɗe.

Ɗazu ma'aikaciyar jinyar ta tambayi wanda zai kai ki gida bayan aikin tiyatar gobe, ya zauna da ke. Na ce ni ne. In ƙarya na yi mata, ke za ki faɗa mata da bakinki.

Naki, yau da gobe da duk abin da ya biyo baya,
Henning