Daɓen Surukina da Injin da Ke Kwance a Tsakar Gida

Gwaggo, ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan dawo ina cizon yatsa, domin kaina ya ƙulle. Ni bakanike ne, garejina a jikin gidana yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa tsakar gida. Hannuna da sifana ya saba, ba da biro ba, saboda haka in kin ga na tafi can na dawo nan, ki yi haƙuri, haka abin yake a cikin kaina.

Tun ina saurayi a kan kwali nake kwanciya in shiga ƙarƙashin mota. Yanzu bayana ya ce ya gaji, da safe sai na dafa bango nake miƙewa. Bara kuma jak ya zame da wata mota ina ƙarƙashinta. Allah ya sa tsohuwar tayar da na saba turawa ciki ta tare ta, na fito da ƙujewa a kafaɗa kawai. Ni da matata muka rufe maganar, ba mu gaya wa iyaye ba don kada hankalinsu ya tashi. Amma tun ranar, in ta ji guduma ta yi shiru a gareji sai ta bar abin da take yi ta leƙo. Shi ne na ce bari in sayi injin ɗaga mota, in riƙa aiki a tsaye kamar sauran mutane.

Wajen zaɓe ma na sha wuya. Maigidana da ya koya mini aiki ya ce in ɗauki mai ƙafa biyu, domin yana barin tayoyi a rataye, ƙarƙashin mota kuma a buɗe. Abokina mai gyaran salansa ya rantse mai ƙafa huɗu ya fi kwanciyar hankali, sai dai da na auna na ga in na sa shi a garejina, ni kaina sai ta taga zan riƙa shiga. Mai sayarwa kuwa duk wanda na ɗora wa yatsa sai ya ce ai shi ne sarkinsu, har da wani mai kama da almakashi wanda zai tokare tsakiyar mota, daidai inda nake son sa hannu. Na auna tsayin rufi har awon ya gaji da ni. A ƙarshe na ɗauko mai ƙafa biyu, na ɗauka wahala ta ƙare.

Ashe a nan ta fara. Mai kafa injin ya zo, bai ko kalli ƙarafan ba, ƙasa ya riƙa kallo. Ya ce ba zai ɗaura ƙusa ko ɗaya ba sai ya huda daɓen ya ga kaurin kankaren da idonsa. Wai irin wannan injin, in mota ta hau sama, nauyinta yana fizgar ƙusoshin ne kamar mai son tumɓuke su, in kankaren ba shi da kauri sai su fito da shi gaba ɗaya, mota ta dawo kan wanda ke ƙasa. Rami ne ƙarami, bai fi faɗin yatsa ba, a wurin da kowace ƙafa za ta tsaya. Na ce masa ya je zan neme shi. Har yau ban neme shi ba.

Gwaggo, surukina ne ya zuba daɓen nan. Tsohon magini ne, ya ajiye aiki, amma har yanzu in ya bi ta gefen gini sai ya ƙwanƙwasa bango ya girgiza kai. Lokacin da nake gina garejin ya zo da leburorinsa ya yi mini aikin kyauta, ko ruwan sha bai yarda in saya musu ba. Ya ce kyautarsa ce ga jikokinsa, a nan ubansu zai nemo musu abinci. Ni ranar ma ba na nan, motar wani mai kawo mini aiki ta mutu a hanya na tafi jawo ta, na dawo na tarar an gama an shafe. Shi dai ya ce kaurinsa taki guda ne, da rodi a ciki, ko babbar mota aka ɗora ba zai ce uffan ba. Mutumin da ya ba ni 'yarsa, wanda ban taɓa ɗaga ido na musa masa magana ba, ta yaya zan kawo baƙo ya huda aikinsa don a gani ko gaskiya ya faɗa?

Da a ce zuciyata ta natsu da daɓen, da na nemi wani mai kafawar wanda ba ya tambaya. To ba ta natsu ba. In na buga sifana a ƙasa ta wajen bango, sauti mai nauyi nake ji. In na buga ta wajen ƙofa, sai in ji kamar ganga. Ko kunnena ne, ban sani ba, wata rana in ji, wata rana in rasa. Akwai kuma wata tsaga siririya da ta taso daga bakin ƙofa. Duk ranar da Baba, wato surukin nawa, zai zo, durom ɗin baƙin mai nake mirginawa in rufe ta.

Matata ma ta ƙara rikita ni. Wata rana tana tankaɗe ta ce, kamar ba da ni take ba, ta tuna ranar zubin rana ta yi zafi, Baba ya shigo cikin gida ya kishingiɗa, yaransa ne suka ƙarasa ɓangaren ƙofa, kuma ta ji suna ƙorafin tsakuwa ta yi kaɗan. Tana gama faɗa ta ce kada in kuskura in ce daga bakinta na ji. Da na tayar da maganar hudawa washegari, sai ta haɗe rai ta ce wato ubanta ne maha'inci. Kwana ɗaya bayan haka kuma ita ce da kuka, wai ta yi mafarkin mota ta faɗo. Yanzu ban san wace ce zan saurara ba a cikin su biyun, kuma duk mace ɗaya ce.

Injin yana nan kwance a tsakar gida cikin tamfol. Yara sun mai da shi mota, matata tana shanya a kansa, kaji sun fara neman wurin ƙwai a ƙarƙashinsa. Baba in ya zo a kansa yake zama, ya shafa ƙarfen ya tambaye ni yaushe za a tayar da shi, domin ya riga ya gaya wa abokansa su zo su ga mota a sama a kan daɓensa. Na ce masa ana jiran mai wuta. Na ce wasu notina ba su zo ba. Na ce mai kafawa ya yi tafiya. Ƙaryata ta ƙare, kuma kunyar kaina nake ji. Ranar da na ɗan gwada ambaton huda a kaikaice, ya ce wannan ragwancin yaran zamani ne, rami ruwa zai riƙa ja ya ɓata masa aiki. Yanzu ya ce mako mai zuwa zai zo da tsofaffin yaransa su kafa mini da kansu, ƙusa ce dai a kankare, ba yau ya fara ba.

To Gwaggo, in huda a ɓoye in toshe? Mutumin nan daga bakin ƙofa zai gane sabon siminti. In bar shi ya kafa in dogara ga Allah? In mayar da injin in koma kan kwalina? Ina tsoron mutuwa a ƙarƙashin mota, ina kuma tsoron fuskar tsohon nan in ya ga ramin. Wallahi ban san wanne ya fi hana ni sukuni ba. Matata tana karanta filinki, na san za ta gane ni ne, amma na gaji da riƙe abin ni kaɗai.

Naki,
Bakanike Mai Ciwon Baya

*

Ɗana Bakanike,

Sannu da ciwon baya, sannu kuma da ciwon kai. Bari in fara rage maka kaya. Maganar zaɓen inji ta wuce, ka auna wurinka, ka duba irin aikinka, ka ɗauki wanda ya dace, kada ka sake komawa kanta. Abin da ya rage ɗaya ne, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba: kada kowa ya tayar da ƙarfen nan kafin a huda daɓen, ko Baba, ko kai, ko wani mai kafawa da ba ya tambaya.

Ni ba bakanika ba ce, saboda haka na tambayi masu wannan aiki, kuma bakinsu ya zo ɗaya da na mutuminka. Ba a gane kaurin kankare da kunne, ba a gane shi da rantsuwa. Sun ƙara da cewa ba a tsayar da ƙafar inji kusa da tsaga ko bakin daɓe, don haka ka janye durom ɗin nan ka nuna wa mai kafawa abin da ke ƙarƙashinsa. In kaurin bai kai abin da masu ƙera injin suka gindaya ba, ba rushe gareji za a yi ba. Wurin ƙafafun za a yanke, a haƙa da zurfi, a sa rodi, a zuba sabo, a bar shi ya yi ƙwari sosai kafin a ɗora masa komai. Mai kafawar da ya ƙi ɗaura ƙusa a makance, ka riƙe shi da kyau, ya san darajar ranka.

Yanzu Baba. Ban ga ƙarya a maganarsa ba. Abin da ya umarta a yi yake faɗa, ba lallai ne ya zama abin da leburori suka yi ba bayan ya shiga inuwa. Ka kuma fahimci abin da yake karewa. Mutumin da ya ajiye aiki, daɓen nan ne shaidarsa cewa hannunsa yana da amfani har yanzu, shi ya sa yake gayyato abokai. Huda a ɓoye cin fuska ne, kada ka yi. Amma wannan jeren uzuri na mai wuta da notina shi ma ba ladabi ba ne, ɗana. Tsohon da ya yi shekaru yana jin uzurin leburori ba zai kasa gane naka ba.

Akwai abin da ka faɗa a farkon wasiƙarka ka wuce kamar ba komai ba, alhali shi ne mabuɗin. Baba bai san jak ya taɓa zamewa da kai ba. Shi a ganinsa gardama ce tsakanin aikinsa da wani yaro mai injin huda. Kai ne ka san maganar rai ce, kuma ka ɓoye masa. To ka je gidansa kafin makon nan ya zo, ba a gaban yaransa ba, ba a gaban abokansa ba. Ka gaya masa abin da ya faru bara, ka nuna masa kafaɗar. Ka ce tun ranar tsoro bai sake ka ba, kuma mai kafawa ba ya aiki sai ya huda, daɓen kowa ne. Sannan ka roƙe shi ya zo ya tsaya a kan aikin, shi zai zura awo a ramin da hannunsa, shi zai faɗi abin da ya gani. In taki gudan ne, ya ci gari a gaban shaidu, kai kuma ka samu barci. In bai kai ba, shi ya gano, ba wani ya tona masa asiri ba, kuma wa ya fi shi sanin yadda za a zuba sabon? Zubi nasa, ɗaurin ƙusa na mai kafawa, kowa da fanninsa.

Mai yiwuwa duk da haka ya yi fushi. In ya yi, ka sunkuyar da kai ka ba shi haƙuri, ka ci gaba da gaishe shi kamar kullum, amma kada ka janye. Fushin zai huce. Ya ce don jikokinsa ya zuba daɓen, to uban jikokin ne zai tsaya a ƙarƙashin motar, kuma ban ga kakan da zai zaɓi siminti marar rami a kan wannan ba.

Ke kuma 'yata, tunda an ce kina karantawa, ban ga laifinki ba. Kina son ubanki, kina tsoron rasa mijinki, shi ya sa kike magana biyu. Ba sai kin kai ƙarar leburori ba. Ki raka mijinki kawai, in ya gama magana ki gaya wa Baba yadda gabanki ke faɗuwa duk lokacin da gareji ya yi shiru. Daga bakinki zai fi jin ta.

Allah ya ba ka lafiyar baya, ɗana, ya sanyaya zuciyar Baba, ya sa ka yi aikinka a tsaye cikin aminci. Ya kuma kawo ranar da guduma za ta yi shiru, matarka ta ci gaba da tankaɗenta ba tare da ta leƙo ba.

Gwaggonku