Gayyar Ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Audu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya sanyin Jos? Mu nan Wanke lafiya, sai ƙafar Inna.

Kawu ya sa gayyarsa ranar Lahadi da gangan. Na ce, "Kawu, ranar sujada ce, bari in zo Litinin." Ya ce, "To, Yesun naka ya nome maka." Ban je ba. Da tawa gayyar ta zo, ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Ciyawa ta shanye dawata. In na gudu Gusau, wa zai riƙe Inna?

A sa ni cikin addu'a kada in karaya. A gaishe da Saratu da yara. Gobe Lahadi, na riga na rataye fartanyata.

Ƙaninka,
Bawa